Ranar da Fasto Ya Yarda

Liman ba liman ba ne, Fasto kuma ba fasto ba ne. Masu wanke tankin mai ne su biyun, irin manyan tankunan nan da ake binnewa a ƙarƙashin gidajen mai, waɗanda mutum zai taka kansu sau dubu bai san da zamansu ba. Abokan aiki ne suka laƙaba musu sunayen don tsiya, saboda gardamar addini da ba sa gajiya da ita, sunayen kuwa suka bi su har gida. Ita kanta matar Fasto in ranta ya ɓaci, Fasto take kiransa.

Fasto ne mai shiga ciki. Siriri ne kamar a hure shi ya faɗi, bakin tankin kuma bai fi faɗin tayar mota ba. Liman tun da ya ajiye tumbi aka bar masa igiya. Kada wani ya zauna a inuwa ya ce wai na waje shi ne mai hutu. Shekara goma sha tara Liman yana riƙe igiyar nan, kullum da tsoro yake kama ta. Yana saurayi ya ga an jawo mutum daga irin ramin nan, leɓɓansa sun yi shuɗi, fuskarsa kuma kamar mai murmushi. Murmushin nan ne ya hana shi sakewa har yau.

Marigayi maigidansu da ya koya musu aikin yakan ce iskar tanki ba ta zuwa da faɗa, lallashi take yi. Da farko mutum zai ji daɗi, ya yi ta dariya ba dalili, harshensa ya yi nauyi, komai ka ce masa ya ce to. Daga nan sai barci. Saboda haka ya kafa musu doka biyu. Na ciki ba ya yin shiru, ko numfashi uku ya yi bai ce komai ba a jawo shi. Na waje kuma ba ya shiga, ko da uwarsa ce ta faɗi a ciki, don gawa ɗaya ta fi biyu sauƙin ɗauka.

To, ai faɗa da baki ba wuya. Ka gwada yin magana awa biyu ba tsayawa kana kwasar dagwalon mai a duhu, ka ga in hira ba ta ƙare maka ba. Sun gwada ƙwallo, sun gwada siyasa, sun gwada ƙorafin 'ya'ya, duk minti goma sun cinye su. Sai wata rana Liman ya rasa abin cewa, ya leƙa ramin ya ce, “Wai ni ku Allah nawa kuke bauta wa?” Fasto ya daka tsawa daga ƙasa, “Ɗaya!” Liman ya ce, “To Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki fa, ina ka kai biyun?” Ranar nan har suka gama tankin ba wanda ya san lokaci ya wuce. Tun daga nan Triniti, wato zancen Allah ɗaya cikin uku, ya zama kayan aikinsu, kamar bokiti da shebur, don shi kaɗai ne zancen da Fasto ba zai taɓa bari ya wuce bai ba da amsa ba.

Ranar da abin ya faru, da safe suka isa gidan man. An rufe shi saboda aikin, an jera durom-durom an zagaye da igiya don kada mota ta shigo. Ba kowa sai maigadi, wani tsoho mai farin gemu da ke zaune kan benci yana jan carbi. Suka kafa ƙarfen nan mai ƙafa uku a kan bakin tankin, suka rataye igiya a tayarsa. Suka zura ƙatuwar mesar fanka mai hura iska zuwa ƙasa. Janaretan da ke juya fankar kuwa can bayan katanga suka kai shi, nesa, don tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi unguwar duka.

Liman ya ɗaura wa Fasto ɗamarar igiya, ya ja, ya kwance, ya sake ɗaurawa.

“Haba Liman, akuya za ka kai kasuwa ne?”

“Yi mini shiru. Warin tankin nan bai kwanta mini ba.”

“Kai dama akwai tankin da ya taɓa kwanta maka?”

Fasto ya sunkuyar da kai ya rufe ido ya yi addu'arsa. Liman ya yi bismilla. Daga nan Fasto ya kunna fitilar goshinsa, ya zura ƙafa, ya bi tsani ya ɓace. Liman ya bi kan nan mai sanƙo da kallo har ya nutse. Ya naɗe igiyar a hannu, ya durƙusa a bakin ramin.

“Jiya guduwa ka yi,” ya ce. “Ka ce Yesu Allah ne. To da ya durƙusa yana addu'a, wa yake roƙo? Kansa?”

“Ubansa yake roƙo,” muryar ta taso tana amsa kuwwa.

“Ka ga biyu ke nan.”

“Biyu a wajen mai ƙirgen tumaki. Allahntaka ɗaya ce, ba a yanka ta kashi-kashi kamar burodi. Ɗaga kai ka dubi rana, ni ba na ganinta daga nan. Ga ita kanta, ga haskenta, ga zafinta. Rana nawa ka gani?”

“Ka taɓa jin haske ya durƙusa yana roƙon rana?”

“Ja bokiti, sarkin surutu!”

Liman ya jawo bokitin da ɗaya igiyar, baƙin dagwalo cike fal, ya juye a durom, ya mayar. Warin ya bugi hancinsa har ya yi tari.

“Bari in tambaye ka,” in ji Fasto, ana jin shebur ɗinsa na roba yana kartar ƙasan tanki. “Ku ma kun ce Allah mai magana ne tun fil'azal. Kalmarsa tana tare da shi, ko daga baya ya samo ta?”

“Tana tare da shi mana.”

“To Allah biyu ke nan?”

“A'uzubillahi! Siffarsa ce. Siffa ba ta jin yunwa, ba ta barci, ba a haife ta ba.”

“In ya ga dama ya sa ta ta ɗauki jiki, kai ne za ka hana shi?”

“Bai kamace shi ba, shi ya sa. Bai haifa ba, ba a haife shi ba.”

“Wa ya ce maka irin haihuwar gidanku muke nufi?”

Haka dai, bokiti yana hawa yana sauka. Duk amsar da ta taso sai Liman ya ji ƙirjinsa ya ɗan saki, don muddin Fasto yana musu, Fasto yana numfashi.

Sai dai ranar Liman da shirinsa ya zo. Mako guda yana juya wata hujja a ransa, yana toshe duk ƙofar da ya san Fasto zai bi ya fice. Har a wanka maimaita ta yake yi, matarsa ta ce ko aljanu ne suka kama shi. Da aka kai bokiti na tara, sai ya gyara zama ya saki abarsa.

“Saurara da kyau. A littafinku, ba namu ba, naku, an ce ranar tashin duniya Ɗan bai san ta ba, Uban kaɗai ya sani. Ƙarya na yi?”

“Akwai shi.”

“Madalla. To wanda ya sani da wanda bai sani ba, ɗaya ne?”

Fasto ya fara magana. Liman bai bari ya kai ƙarshe ba, don ya san inda zai nufa. “Tsaya, tsaya! Kada ka ce mini a matsayin mutum ya faɗa. In a matsayin mutum ne, me ya sa aka ce Ɗan? Kuma ina Ruhun, shi ma bai sani ba ke nan? Ka ga ukun sun rabu!”

Sai dariya ta taso daga ƙasa, wata iri mai laushi, tana ja.

Dariya fa! Mutumin da marigayi ya yi shekaru yana yi wa gargaɗi a kan dariya, mutumin da murmushin gawa ya hana shi barci, ya ji dariya daga cikin tanki, abin da ya zo masa a rai shi ne raini. Ya ce, “Au, dariya ma na ba ka? Dama wanda aka ƙure ai dariya yake yi.” Ya ɗora daga inda ya tsaya, yana ƙirga hujjojinsa da yatsu yana nuna wa rami. Ya yi ta zuba kamar an buɗe famfo.

“Haka ne,” in ji muryar.

Liman ya tsaya cak. “Me ka ce?”

“Haka ne, Yaya... ka yi gaskiya.”

Dole a yi wa Liman adalci a nan, ko da yake ba zai yi wa kansa ba. Ba son cin gardama kaɗai ne ya rufe masa ido ba. Yana ƙaunar mutumin nan fiye da wasu da suka sha nono ɗaya. Shekara goma sha tara yana ɗaga hannu bayan salla yana roƙa masa shiriya, yana jin tsoron ranar da za a raba su, shi a kai shi nan, ƙaninsa a kai shi can. Ya kuma san Fasto ma haka yake yi masa a cocinsu, ya sha faɗa masa. Yau ga shi da kunnensa ya ji abin da ya fid da rai zai ji. Hawaye suka cika masa ido.

“Baba!” ya kira maigadi. “Baba, zo ka ji ikon Allah!”

Tsohon ya taso yana jan ƙafa.

“Fasto, sake faɗa Baba ya ji. Ka yarda da abin da na ce?”

Aka ɗan jima. “Na yarda... to... na yarda.”

“Allahu Akbar!” in ji maigadi, ya ɗaga hannu sama.

Liman ya sunkuya, ya sassauta murya. Ya ce masa kada ya ji tsoro, ba wanda zai matsa masa. Ya ce shi da kansa zai je ya yi wa matarsa bayani a hankali. Ya ce ba zai rasa Annabi Isa ba, ai su ma nasu ne, suna girmama shi da mahaifiyarsa. Ya yi maganar rahama, ya yi maganar gafara, ya faɗi abubuwan da ya daɗe yana ajiyewa don wannan rana.

“Ya yi shiru fa,” in ji maigadi.

“Bar shi, Baba. Abu ne mai nauyi, ƙila kuka yake yi.”

Suka ba shi lokaci. Wallahi suka tsaya a kansa su biyu suna ba shi lokaci.

Liman ya so ya gyara durƙusonsa, sai ya dafa mesar fanka. Ta lotse a ƙarƙashin tafinsa kamar hannun rigar da ba kowa a ciki. Ya dube ta. Ya kasa kunne wajen katanga. Babu ƙarar janareta. Sai kukan wata kurciya da motocin da ke wucewa a titi. Yaushe ya mutu? Bai sani ba. Shi da zai ji, bakinsa yake saurare.

Ya zabura. “Fasto!” Shiru. “Fasto! Ƙanina!” Ya leƙa. Can ƙasa fitilar goshi tana haska bangon tanki, a karkace, ba ta motsi.

“Innalillahi! Baba, kama igiya! Ja!”

Suka ja. Mutumin da Liman ke ɗagawa da hannu ɗaya in suna wasa, yau ya yi nauyin buhun siminti. Tayar ƙarfen tana ƙara, igiya tana yankar tafin hannu. Liman yana ja yana salati, yana kiran sunan da uwar Fasto ta raɗa masa, wanda ya yi shekaru bai kira ba. Fitilar ta taso tana lilo. Saura kaɗan, sai igiya ta tsaya ƙam. Hannun Fasto ya saƙale a tsakanin matakan tsani.

“Riƙe, Baba, zan shiga!”

“Ba ka isa ba!” Tsohon ya naɗe igiyar a ƙafar ƙarfe, ya cafki wuyan rigarsa. “So kake in kwashi biyu ni kaɗai?”

Liman ya kwanta rub da ciki, ya cika ƙirji da iska, ya zura kai da kafaɗa ɗaya cikin ramin. Ko da bai shaƙa ba, sai da idonsa ya yi yaji, kansa ya sara. Ya laluba, ya taɓa sanƙon, ya taɓa kafaɗa, ya kamo gwiwar hannu ya murɗa ta ta fita. Ya ɗago yana haki, suka sake ja, Fasto ya fito kansa yana reto.

Suka shimfiɗe shi a kan siminti, nesa da ramin. Liman ya share masa baƙin mai daga fuska da gefen rigarsa, sai ya ga abin da ya yi shekara goma sha tara yana gudu. Leɓɓan sun yi shuɗi. Bakin kuma ya ɗan ja gefe, kamar wanda aka ba labari mai daɗi.

Ya danne ƙirjin yana ƙirgawa yadda aka koya musu, ya haɗa baki da baki ya hura. Ɗanɗanon mai ya cika masa harshe. Ya danna, ya hura, ya danna. “Tashi ka ƙaryata ni! Tashi, don Allah!” Maigadi ya fita titi da gudun da ba a san yana da shi ba, ya tsaya a gaban wata motar ɗaukar kaya ya buɗe hannuwa, dole direban ya taka birki. A bayan motar nan Liman ya ci gaba da dannawa har asibiti, gwiwoyinsa suna bugun ƙarfe, bai ji ba. Sau ɗaya ya ga kamar ƙirjin ya ɗaga da kansa. Ko ya ɗaga, ko ramin hanya ne, Allah kaɗai ya sani.

A asibiti aka karɓe shi a gadon turawa, aka shige da shi wata ƙofa mai murfi biyu, ƙofar ta dawo ta rufe a fuskar Liman. Ya tsaya a doguwar baranda, baƙi ƙirin daga kai har ƙafa. Masu jiran layi suka ja jiki suna toshe hanci.

Wata likita ta leƙo, mace ce mai tabarau, ba ta da lokacin gaisuwa. “Kai ne kake tare da shi? Minti nawa ya yi ba ya magana kafin ku fito da shi?”

“Biyu... ko uku.”

Ta dube shi ta saman tabarau. “Malam, nan ba kotu ba ce. Ina tambaya ne don in san abin da zan yi masa.”

Ya ƙirga wa'azinsa, ya ƙirga jiran da suka yi, ya ƙirga saƙalewar hannu. “Goma,” ya ce. “Ko ya fi.”

Ta juya ta koma ciki.

Ya latsa waya ya kira matar Fasto. Tela ce, shagonta ba nisa. Ta iso da tef ɗin awo a wuya, takalmi wari da wari. Ta gan shi ta riƙe ƙirji.

“Yaya, yana ina? Yana numfashi?”

“Suna kansa, Maman 'yan biyu. Zauna.”

Ta zauna a bakin benci. “Na gode wa Allah da kai ne a wajen. Kullum in zai fita nakan ce, tunda Yaya ne ke riƙe igiya, ba na fargaba.” Ta rufe ido ta shiga addu'a ƙasa-ƙasa, tana kiran sunan Yesu, tana lissafa masa 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya.

Liman ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, maigadi da ya biyo su a motar yana tsakaninsu. Duk lokacin da ƙofar nan ta motsa sai ya ɗago kai. Wata nas ta fito da gudu, ta koma da tukunyar iska. Wani ya fito yana cire safar hannu, ya wuce bai dube su ba. Liman ya so ya yi addu'a, sai ya rasa da wace fuska zai ɗaga hannu. Abu ɗaya yake maimaitawa a zuci: Allah ka bar shi, ko me zai bauta wa, ka bar shi.

Maigadi mutumin kirki ne, ba wanda zai ce ba haka ba. Ganin kukan matar ne ya karya masa zuciya, ya nemi abin da ya fi daraja a wurinsa ya miƙa mata.

“'Yata, ki yi haƙuri, ki kwantar da hankalinki. Ko me Allah ya hukunta, mijinki ya dace. Da kunnena na ji. Kafin ya faɗi sai da ya karɓi gaskiya, ya ce ya yarda da addininmu.”

Addu'ar ta tsaya a bakinta. Ta buɗe ido a hankali. Ba maigadi ta duba ba.

“Yaya, me tsohon nan yake faɗa?”

Ga ƙofa a buɗe, in Liman yana son tsira. Ya gyaɗa kai kawai, shi ke nan. Maigadi shaida ne. Kafin magariba labari ya zaga, a yi ta shafa masa kai ana cewa ta hannunsa Allah ya shiryar da mutum. Ba wanda zai tambayi janareta, ba wanda zai tambayi minti nawa. Kuma wani ɓangare na zuciyarsa, don me za a ɓoye, yana so abin ya zama gaskiya, yana so ƙwarai. Amma ya ga leɓɓan nan. Ya san wace ce ta yi magana daga cikin tankin.

“Bai yarda da komai ba, Baba,” ya ce.

“Haba ɗana, ni fa na ji...”

“Iska ce ka ji. Iskar tanki ce. In ta kama mutum, ko ce masa ka yi shi jaki ne zai ce haka ne.” Ya juyo wajen matar, amma idonsa a kan takalmanta ya tsaya. “Mijinki yana kan addininsa, Maman 'yan biyu. Shekara goma sha tara ban motsa shi ko taku ɗaya ba, yau ma ban motsa shi ba. Fanka ce ta mutu ban lura ba. Ya yi dariya, na ɗauka raini ne. Ya ce na yi gaskiya. A nan ya kamata in ja igiya, don mai hankalinsa ba zai taɓa faɗa mini haka ba, ni na fi kowa sani. Sai na tsaya ina murna. Na kira Baba ya taya ni. Ya yi shiru, na ce a bar shi.”

“Ka ce a bar shi,” ta maimaita.

“Na ce a bar shi.”

Ba ta yi ihu ba, bai kuwa ƙi ta yi ba. Ta zare tef ɗin daga wuyanta, ta shiga naɗe shi a yatsa, ta warware, ta sake naɗewa. Maigadi ya sunkuyar da kai, carbinsa ya tsaya.

Ba su san tsawon zaman da suka yi a haka ba. Da ƙofar ta buɗe, likitar ba da sauri ta fito ba. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Liman yana ganin haka ya gane.

“Ke ce matarsa?” Ta dafa kafaɗarta. “Mun yi iya ƙoƙarinmu. Sai haƙuri.”

Maigadi ya yi salati a hankali. Matar ta tafi luu, likitar ta tare ta ta zaunar. Kukan da ya fito daga ƙirjinta ya sa duk barandar ta yi tsit. Liman ya kifa fuska a tafukan hannunsa masu warin mai. Ya jira ta tsine masa, ya jira ta shaƙe shi. Da ta yi, da ya gode mata.

Can da kukan ya lafa, sai ya ji ta matso kusa da shi. Muryarta ta dushe.

“Yaya.”

“Na'am.”

“Yara za su tambaye ni. Ba zan ce musu ubansu ya tafi yana cewa haka ne, haka ne ba. Kai kaɗai ke wurin. Kafin iskar ta kama shi, lokacin yana cikin hankalinsa, mene ne na ƙarshe da ya faɗa?”

Liman ya ɗago. Ya koma baya a ransa, ya wuce na yarda, ya wuce dariyar, ya isa inda ya jefa tambayarsa. Fasto ya fara magana a nan, tabbas ya fara, da muryarsa ta sosai. Ya yi jimla biyu ko uku. Ko amsa ce yake bayarwa, ko cewa yake kansa yana juyawa, ko cewa yake iska ta daina zuwa? Liman ya matse ƙwaƙwalwarsa har jijiyar goshinsa ta fito. Yana iya kawo tasa hujjar kalma bayan kalma, har inda ya ɗaga yatsa. Ta Fasto kuwa, ko harafi ɗaya babu.

Tana kallonsa, tana jira.

“Ban ji ba,” ya ce. “Lokacin ina shirya amsar da zan ba shi.”